Masu Jin Muryar Azurfa

Mutumin kwarin Komadugu ya saba da kuɗi iri biyu a aljihu ɗaya. Daga Maine-Soroa har Diffa, mai tattasai ko mai bandar kifi zai yi ciniki da kai da naira, ya juya ya ba ka canji da sefa, lissafin kuma ya gama shi a ka kafin ka laluɓo waya. Amma kuɗin nan biyu duk alkawari ne da hukuma ta sa wa hannu, darajarsu na hawa da sauka bisa abin da aka yanke a Abuja ko Dakar. Akwai kuɗi na uku da ya daina zuwa kasuwa. Yana can ƙasan adudun tsofaffi a ƙulle cikin tsumma, ko a wuyan amarya ranar biki. Faffaɗa ne, mai nauyi, fari. A fuska ɗaya akwai hoton wata mace mai jiki sanye da mayafi, a ɗayar kuma mikiya mai kai biyu da shekarar 1780. Hausawa na ce masa liyari, Barebari na ce masa gursu. Shi darajarsa a jikinsa take, don azurfa ce. Saboda haka tun ranar da ya shigo ƙasar nan ake bukatar wanda zai riƙe shi ya ce wannan na gaske ne, wannan jabu ne.

A kan waɗannan mutane nake son magana: maƙeran fari, da tsofaffin ƴan canji, da wasu dattawan mata dillalan kayan ado. Ba su da takardar shaida. Yawancinsu ba sa karanta boko, balle Latin ɗin da ya zagaye hoton. Amma miƙa wa ɗayansu liyari, kafin ku gama gaisawa ya san abin da ke hannunsa. Ni a wurina wannan ilimi ne cikakke, mai ƙa'ida, mai dalili, kuma tushensa ɗaya da ilimin da masana ke yi a manyan gidajen tarihi na Turai a kan tsofaffin kuɗin azurfa na sarakunan Rum.

Matar da ke jikin kuɗin ita ce Mariya Tereza, wadda ta mulki Ostiriya da Hangari da Bohemiya daga 1740 har rasuwarta a 1780. Mayafin na zaman makoki ne: mijinta ya rasu a 1765, ba ta kuma daina sa kayan makoki ba har ta bi shi. Kuɗinta ya bi jiragen ruwa zuwa Masar da Tarabulus. Daga Tarabulus ayari ya ɗauko shi ta Murzuk, ya ratsa Kawar da Bilma, ya sauko Ngigmi, ya ƙetare Komadugu ya shiga Kukawa. Wani kuma ya zo ta gabas a hannun fatake da alhazai, ta Darfur da Wadai.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ƙasar nan ta sani da Abdulkarim, ya isa Kukawa a 1851, ya kuma bar mana labarin kasuwarta ta ranar Litinin. A lokacin ana ciniki da ƴan siraran saƙin auduga da ake kira gabaga, wuri bai daɗe da shigowa ba, ana kuma ƙirga shi da ratal, wuri 32 a kowane ratal. Manomin da ya kawo hatsi sau da yawa ba ya karɓar wuri, ba ya karɓar liyari. Sai mai saye ya canja liyarinsa zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sannan ya ba manomi riga ya karɓi gero. Manyan gari kuma na wasa da farashin canji yadda zai yi musu daɗi. A Kano, a wannan shekarar, liyari ɗaya wuri 2,500 ne. Bayan shekara kusan ashirin, da Gustav Nachtigal ya zo Kukawa a 1870, ya tarar da shi wajen wuri 4,000. A ƙarshen 1852 Barth ya biyo gaɓar Komadugu, ya tsaya a kufan Birnin Gazargamu, ya ratsa ƙasar Manga da Muniyo zuwa Damagaram. A can ne, a farkon 1853, aka kawo masa kuɗin azurfa 1,000 a ɓoye cikin akwatunan sukari guda biyu don kada idon gari ya gani.

Ka ɗauki ɗan gishirin Manga ko mai kanwa da ya sayar da kayan rani guda aka biya shi da liyari huɗu ko biyar. In ɗaya ya fito jabu, wuri dubbai ne suka tafi, wato wahalar makonni a bakin tafki. Ba kotun da zai je, mai ayari kuma ya yi nisa. Abin da ke tsakaninsa da asara shi ne mutumin da ke zaune a bakin kasuwa wanda ya san azurfa. Daga wannan bukata sana'ar ta fito.

Na taɓa zama a maƙerar wani dattijo a Maine wata mata ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance bakin mayafinta ta zube liyari uku a kan buzu.

"Baba, gadon inna ne. Ka duba mini ko da abin kirki a ciki."

"Allah ya jiƙanta da rahama. Kawo nan, ɗiyata."

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai kalle su ba. Ya ɗauki na farko ya ɗora a tafin hannu, ya ɗan jinjina shi sau biyu, idonsa na kan wutar maƙera. Ya mirgina shi tsakanin babban yatsa da manuni, farcensa na bin gefen a hankali har ya zagayo inda ya fara. Ya murza shi da ƙarfi da yatsa, ya kai yatsan hanci. Sannan ya ɗora shi a kan ɗan yatsa ɗaya, ya ɗauki wani tsohon sule ya ƙwanƙwasa bakinsa. Ƙara ta tashi siririya, ta daɗe tana rawa a ɗakin kafin ta mutu. Yaron da ke zuga ya tsayar da zugazugi ba tare da an ce masa ba. Sai a nan dattijon ya karkata kuɗin wajen hasken ƙofa, ya duba kafaɗar sarauniyar, ya duba kambin da ke goshinta, ya juya ya duba jelar mikiya. Ya ajiye shi a dama. Na biyu yana da kunne da aka like masa don rataya, ya ƙwanƙwasa shi ƙarar ta fito gajeriya, amma bai damu ba, ya daɗe a kan gefensa da fuskarsa, shi ma ya ajiye a dama. Na uku kuwa tun a tafin hannu na ga girarsa ta motsa. Ya ƙwanƙwasa, ya ce ɗaf, ya yi shiru. Ya ajiye shi a hagu.

"Waɗannan biyu azurfa ce, ki riƙe su da kyau. Wannan kuwa na ado ne, zubi ne. Kada ki ga laifin marigayiya, ita ma haka aka sayar mata."

Duka bai fi tsawon shan shayi kofi ɗaya ba. Ina kuma ganin maganar ƙarshen nan cikin gwanintar take, don wanda ya iya gane jabu amma bai iya faɗa wa mai shi ba tare da ya ci mutuncin mamaci ba, rabin sana'ar ya koya.

Kowane motsi da ya yi yana da dalili da ma'auni zai tabbatar. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa wajen santimita 4, kaurinsa milimita biyu da rabi. A cikin kashi 1,000 na jikinsa, 833 azurfa ce, sauran jan ƙarfe ne da aka sa don ya yi ƙwari, wato zallar azurfar da ke ciki ta ɗan haura giram 23. Ba a taɓa rage wannan awo ba, shi ya sa duniya ta yarda da shi. To mai yin jabu yana cikin tsaka mai wuya. In ka auna ƙarafa da mudu ɗaya, inda ruwa ke da nauyi 1, azurfa na da 10.5, jan ƙarfe 8.9, darma 11.3. In ya yi da tagulla, zai sami ƙara amma nauyi ya gaza, in kuma ya cika nauyin sai kuɗin ya yi kauri fiye da ƙima. In ya sa darma, nauyi ya cika amma murya ta mutu, ƙarfen ya yi laushi har farce na iya yi masa zane. Zai iya cin jarrabawa ɗaya, wani lokaci biyu, amma nauyi da kauri da ƙara ba sa haɗuwa sai a azurfa. Hannun da ya shekara arba'in yana ɗaukar giram 28 ba ya bukatar sikeli kafin ya ji giram 24.

Gefen kuma, inda farcensa ya bi, akwai rubutu mai tudu da ƴan furanni a tsakani, kalmomin Latin ne na taken sarauniyar, adalci da rangwame. An sa shi ne don kada wani ya kankare bakin kuɗin ya tara garin azurfa. Na gaske da inji aka matsa shi, haruffan na da kaifi. Na zubi kuwa, wanda aka narka ƙarfe aka kwarara a mazubi, yana da layin haɗi a gefe inda bakin mazubin biyu suka gamu. Mai yin sa zai bi da magagari ya goge layin, sai ya goge rubutun tare, ko ya bar ƙananan zane-zane da farce ke ji ko da ido bai gani ba. Fuskar zubi tana da ƴan ramuka na kumfar iska, haruffanta kuma a kumbure suke, babu kaifi. Shinshinar yatsa ma ba al'ada ce kawai ba: tagulla in ta sha murza tana barin wari a fata, azurfa mai kyau ba ta bari.

Kafaɗar da ya duba, a nan maɗaurin mayafinta yake, kewaye da ƴan ƙwayoyin lu'ulu'u, haka ma kambin. Su ne wurare mafi tudu, su ke fara cinyewa. Daga Habasha har Yaman an san ƴan kasuwa da ƙin karɓar liyarin da ƙwayoyin nan suka shafe, don alama ce ta cewa ya sha hannu har nauyi ya ragu. A nan kuma jabun da aka shafa wa ruwan azurfa ke tona kansa, don tudun na cinyewa sai ja ko rawaya ya leƙo. Azurfa ta gaske in ta tsufa tudunta na yin santsi da haske, lungunanta su yi duhu, farin kuma ɗaya ne har ciki.

Samarin yanzu sun dogara da mayen ƙarfe. Yana da amfani, amma kaɗan: abin da ya kama lalle ba azurfa ba ne, sai dai tagulla da darma ma ba ya kama su. Wasu kuma na gaggawar kankare kuɗi da magagari su ɗiga masa ruwan gwaji. Wannan na ba da amsa, amma ya bar tabo har abada. Gwani na gaske ana gane shi da cewa yana mayar maka da kayanka yadda ka ba shi.

Sai maganar 1780, wadda ta fi kowace karya zuciyar magada. Mutum zai zo da murna yana lissafin cewa kuɗin kakarsa ya haura shekara 240. Gaskiyar ita ce bayan sarauniyar ta rasu, ƴan kasuwar gabas sun ƙi yarda da kowace fuska sai tata, sai aka ci gaba da buga kuɗin da shekarar rasuwarta ba a canja ba. Ostiriya kanta ta daina ciniki da shi a cikin gida a 1858, amma ta ci gaba da buga shi don waje. Da Ingila ta kai yaƙi Habasha a 1868, sai da ta nemo shi daga Viyana, don mutanen ƙasar ba sa sayar da alfadari ko hatsi da wani kuɗi. A 1935 Italiya ta karɓi hatiman bugun daga Ostiriya, daga nan Landan da Paris da Burusal da Bombai su ma suka shiga bugawa. An ƙiyasta cewa daga 1751 zuwa 2000 an buga wajen miliyan 389, har yau kuma gidan buga kuɗi na Viyana bai daina ba. Duk waɗannan na gaske ne, azurfarsu ɗaya. Masu tara kuɗin tarihi na rarrabe su da ƙananan alamu: gashin tsakiyar jelar mikiya a wani bugun biyu ne a wani uku, siffar haruffa ta bambanta, haka ma haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton, waɗanda farkon sunayen ma'aikata biyu ne na gidan bugun Gunzbag. Dattawanmu ba su san sunayen biranen ba, amma idonsu ya san cewa liyari ba fuska ɗaya gare shi ba, suna kuma rarrabe tsohon hannu da sabo. Wanda ya ci karo da mai wata shekara ta kafin 1780, wannan ya riƙe abu mai wuyar samu, kada ya sayar da shi a farashin awo.

Liyari ba shi kaɗai ke zuwa maƙera ba. Da Faransa da Ingila suka raba ƙasar nan a farkon ƙarni na 20, Komadugu ta zama iyaka a ƙasan kwarin, kuɗin Turawa biyu suka haɗu a kasuwa ɗaya. Daga arewa ga babbar dalar Faransa ta azurfa, giram 25, kashi 900 cikin 1,000, wata da kan Napoliyon na Uku, wata da ƙato tsaye tsakanin mata biyu. Daga kudu ga sule da fataka masu hoton bishiyar kwakwa, waɗanda aka fara bugawa a 1913 da azurfa mai kyau ƙwarai, kashi 925. A 1920 aka rage azurfar, sannan aka cire ta gaba ɗaya aka koma tagulla mai ruwan rawaya. Ba wanda ya tara mata a dandali ya yi musu bayani, amma nan da nan fararen suka ɓace daga kasuwa suka koma adudu da maƙera, rawayan suka ci gaba da yawo. Maƙerin fari na ƙwarai yana riƙe da duk waɗannan awo a ka, ya san wanda in an narka zai yi munduwa mai laushi da wanda zai yi zobe mai ƙwari.

A rubutun da ya zagaye hoton Mariya Tereza akwai R. IMP., taƙaitaccen laƙabinta na sarauniyar Rumawa, don mijinta ne ya riƙe sarautar da Turawa ke ɗauka gadon daular Rum ce. Tsarin kuɗin kansa ma gadon ne: kan mai mulki a gefe yana duban dama, sunansa da laƙabansa a guntule kewaye da shi, alamar mulki a baya. Haka Rumawa ke buga kuɗinsu na azurfa, denariyus, wanda suka fara wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ƙaramin abu ne, bai kai dalar sefa faɗi ba, ya dai ɗan fi ta nauyi. A zamanin Augustus, sarkinsu na farko, nauyinsa ya kusa giram 4, kusan zallar azurfa, sojan ƙasa kuma na karɓar 225 a shekara.

Su ma suna da masu gwajin kuɗi, sana'a ce sananniya a kasuwanninsu. In sun gama duba jakar kuɗi sai su ɗaure ta su rataya mata ɗan guntun ƙashi mai ɗauke da suna da ranar dubawa. Wani malamin falsafa mai suna Efiktetus, wanda ya rayu tsakanin ƙarni na 1 da na 2, ya bayyana yadda mai gwajin ke aiki: da ido, da taɓawa, da hanci, daga ƙarshe ya jefa kuɗin ya kasa kunne, ba kuma sau ɗaya ba. Ranar da na karanta wannan sai da tsigar jikina ta tashi, don gaɓoɓi huɗun nan su ne na gani a maƙerar Maine, a hannun mutumin da bai taɓa jin sunan Efiktetus ba. Ƙarfen ne ya koyar da su duka biyun.

Masanin kuɗin Rum na yau aikinsa ya ɗara na tantance azurfa, don shi so yake ya san wane sarki, wace shekara, wane gari. Babu shekara a jikin denariyus, sai dai a ciro ta daga laƙabai. IMP da AVG na sarauta ne. COS da lamba a gabansa na nuna karo na nawa sarkin ya riƙe babban muƙamin shekara, TR P da lamba kuma kusan ƙidayar shekarun mulkinsa ce. In ka ga kuɗin Tarajan da COS V, ka san an buga shi tsakanin 103 da 111, don a 112 ya shiga karo na shida. In rubutun ya cinye, sai a koma fuska. Nero na da kaurin wuya, Nerba na da dogon hanci mai lanƙwasa, Basfasiyan fuskar tsohon soja mai tamoji, Hadiriyan kuwa, wanda ya hau a 117, shi ya fara barin gemu, magadansa suka bi. Matan sarakuna da kitsonsu ake gane su. Tun 1923 wasu masana biyu a Ingila, Mattingly da Sydenham, suka fara jera waɗannan kuɗi a littattafai sarki bayan sarki, aikin da ya ci shekaru da dama da hannaye da yawa, har yau kuma da lambobinsu ake kiran kowane iri.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda nauyi da launi ke ba da labarin daular. A shekara ta 64 Nero ya rage nauyin zuwa wajen giram 3.4, ya ƙara jan ƙarfe. Magada suka ci gaba da tsakura, don albashin soja na hawa, azurfa ba ta ƙaruwa. A zamanin Sabtimiyus Seberus, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, ɗan garin Labda a gaɓar tekun Libiya gabas da Tarabulus, azurfar ta sauko wajen rabi. A 215 ɗansa Karakalla ya fito da sabon kuɗi da aka ce biyu ne, alhali nauyinsa ɗaya da rabi ne. Ana gane shi da kambi mai tsini-tsini a kan sarki, maimakon kambin ganye na denariyus. Kafin shekara ta 270 abin ya zama tagulla da aka wanke da azurfa, ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Talakawan Rum suka yi abin da kakanninmu mata suka yi a 1920: suka binne masu kyau a tukwane, suka kashe marasa kyau. Daga waɗannan tukwane ne yawancin abin da ke gidajen tarihi ya fito.

Wuri biyu ne ilimin biyu suka rabu, ya kamata kuma mai sha'awa ya kiyaye. Na farko, liyari aikin inji ne, don haka na gaske kusan duk kamarsu ɗaya in ban da ƴan alamun nan, wanda ya bambanta sosai shi ake tuhuma. Denariyus kuwa da guduma aka buga shi ɗaya bayan ɗaya, wani ya karkace, wani bakinsa ya tsage, wani rubutun ya fita waje. In ka ga biyu da suka yi daidai har a karkata da tsaga, to daga mazubi ɗaya suka fito, jabu ne. Na biyu, ba a ƙwanƙwasa kuɗin Rum, ba a jefa shi ƙasa. Azurfar da ta kwana shekara dubu biyu a ƙasa tana yin gautsi daga ciki, muryarta ta dushe, bugu ɗaya na iya raba ta biyu. A nan sikeli da gilashin ƙara girma ke karɓar aikin kunne.

Kayan Rumawa sun shigo Sahara. A Jarma ta ƙasar Fazzan, kan hanyar da daga baya liyari ya biyo, an tono tulunansu da fitilunsu da kayan gilashi. A Abalesa ta ƙasar Ahaggar, a kabarin da aka buɗe a 1925 wanda Buzaye ke dangantawa da Tin Hinan, an sami hoton kuɗin sarki Kustantin a kan ɗan fallen zinariya. Amma kudu da hamada kuɗin Rum abu ne mai matuƙar wuyar gani. Saboda haka in wani ya tare ka a Diffa ko Gaidam da cikin hannu na kuɗin da ya ce na Rumawa ne, tuhuma ce farkon abin da ya cancanta. In kuwa wani ya haƙo tsohon kuɗi a gona ko a kufai, kowane iri ne, sanin wurin da ya fito da abin da ke tare da shi ya fi ƙarfen daraja nesa ba kusa ba. Dokar Nijar ta kare irin waɗannan kaya, ga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, ga jami'a a Diffa. Can ya kamata labari ya fara zuwa, ba wurin dillali ba.

Abin da ke damuna shi ne ilimin na ƙarewa ta baki biyu. Kuɗin kansu na shiga wuta. Tun da rikici ya iso jihar Diffa a 2015, iyalai da yawa da suka bar garuruwansu na bakin kogi sun sayar da abin wuya da abin hannu don su ci abinci, ba kuma mai zarginsu. Abin da aka sayar a kan awo, ƙarshensa tukunyar narki. Masu sanin kuma na tsufa, ƴaƴansu sun koma gyaran waya da tireda, amare sun koma kayan kanti masu ƙyalli da ke koɗewa kafin a yi suna. Wannan sani ba a littafi yake ba. Ba ya shiga mutum sai ya riƙe na gaske ɗari da jabu ɗari a gaban wanda zai ce masa sake ji.

In akwai liyari ko tsohuwar dala ko farin sule a gidanku, kada a goge shi da toka ko yashi don ya yi haske, duhun lungunansa shaidar shekarunsa ce, mai saye na ƙwarai kuma ya fi son sa haka. Ruwa da sabulu sun isa, a shanya shi, a naɗe a farin ƙyalle na auduga, kada a ɗaure shi da roba don tana baƙanta azurfa. A rubuta a takarda na wace ce, daga wa ta gada, a wane gari, a ajiye tare. Sannan ku ɗauke shi ku tafi wurin maƙerin fari mafi tsufa a garinku, ku tafi da yaro ko yarinya mai natsuwa. Ku roƙe shi ya gwada a gabansu a hankali, yana yi yana faɗin dalili, ku ɗauki muryarsa da ƙarar kuɗin a waya. In kun tashi ku biya shi ladan dubawa da hannu biyu, ko da bai tambaya ba.